Baƙon da Ya Zo da Ɗakinsa

Wata Asabar da hantsi ina wanke mota a ƙofar gida, a unguwarmu da ke bayan garin Columbus a jihar Ohio, sai ga wata doguwar mota fara ta karyo kwanar layinmu a hankali, tana jan ƙaramar mota a baya kamar saniya da maraƙinta. Tsawonta ya kusa kai na bas ɗin 'yan makaranta. Ta tsaya a ƙofar maƙwabcina. Kafin direban ya kashe inji yara biyu sun fito a guje ko takalmi babu, suna ƙwala wa kakanninsu kira. Wani dattijo mai furfura ya sauko yana dafa gwiwa, matarsa ta biyo shi. Uwar yaran ta fito da jaririya a kafaɗa ta miƙa wa tsohuwar, ita kuwa ta zauna a kan matakalar motar ta rungume ta, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Daga baya na ji cewa ran nan ta fara ɗaukar jikar tata. Wata bakwai tana ganinta a waya kawai.

Kwana tara bayan haka takarda ta iso gidan daga ƙungiyar masu gidaje ta unguwa. Takardar ta ce dokar unguwa ba ta yarda a ajiye irin wannan mota a ƙofar gida fiye da kwana biyu ba, kuma daga ranar Litinin tara za ta fara hawa kullum. Tsofaffin nan da niyyar wata guda suka zo. Ranar Lahadi da yamma suka naɗe wayar lantarkinsu suka koma wani sansanin haya mai nisan minti arba'in, inda ake biyan kuɗin kowane dare.

Tun ranar abin yake damuna. Dokar da ta hana uba kwana a cikin motarsa a ƙofar 'yarsa, a kan filin da 'yar ta saya da guminta, doka ce da ya kamata a gyara. Kuma ita da dokokin biranen da ke farautar talakan da ba shi da makwanci sai mota, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Amurkawa suna kiran irin wannan mota RV. Gida ne a kan taya. Akwai wadda take da injinta, akwai wadda ake ja da akori-kura. Dattijon ne ya gayyace ni na shiga tasu, ranar da na kai musu kwanon waina da miyar taushe da maiɗakina ta yi, tunda baƙon maƙwabcinka baƙonka ne. Ciki ɗaki ne da falo a matse. Teburin cin abinci ana sauke shi ya zama gado, a nan jikokin suke rububin kwana. Ga murhun gas mai kai uku, ga firji, ga banɗakin da in ka ware hannuwa za ka taɓa bango da bango. Kowace ƙofar kabad da ƙugiyarta, don kada kwanuka su zube a kan hanya. A jikin bango sun liƙa taswirar Amurka, sun ja jan layi daga Ohio zuwa Karolina ta Arewa, ya gangara Texas, ya ratsa Arizona, ya haura Oregon. 'Ya'yansu huɗu ne a jihohi huɗu, sai ƙanin dattijon da ke jinya a Arizona. Sun sayar da gidan da suka yi shekara talatin da ɗoriya a ciki, suka raba shekara guda tsakanin waɗannan wurare, suna bin yanayi: kudu in sanyi ya sauka, arewa in zafi ya tsananta.

Sai ya zagaya da ni ta baya ya nuna mini abin da masu talla ba sa nunawa. Tanki uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya nemi wurin zubarwa, ya sa safar hannu, ya ɗaura wani tiyo mai kauri, ya buɗe na masai tukuna, sannan ya saki ruwan wanka ya ɗauraye tiyon. "Maƙwabci," in ji shi, "wanda ba zai iya wannan aikin ba, kada ya sayi motar." Ya kuma nuna mini littafin da yake rubuta kuɗin mai. Lita ɗaya ba ta kai motar kilomita huɗu. A watan Yunin 2022, lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala 5 a faɗin ƙasar, mutane irinsu da yawa sun kafe a wuri ɗaya suna jiran farashi ya sauko.

Me zai sa mutum mai shekara saba'in ya ɗaukar wa kansa wannan wahala? Faɗin ƙasar ne na farko. Daga New York zuwa Los Angeles a mota kusan kilomita 4,500 ne, wato ka yi Kano zuwa Legas sau huɗu ka ƙara. Ba kowane iyali ne ya warwatse haka ba. Jaridar New York Times ta wallafa a 2015 cewa rabin manyan Amurkawa ba su wuce mil 18 daga inda mahaifiyarsu take ba. Amma waɗanda suka yi karatu mai zurfi suka bi aiki, su kam sukan yi nisa, kuma nisan ba na wasa ba ne. Na biyu, babu dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. Mai sa'a ya samu mako biyu ko uku, a ciki zai yi jinyar yara, a ciki zai huta, a ciki zai ziyarci iyayensa da na matarsa. Ka haɗa da kuɗin jirgin mutum biyar, sai ka ga dalilin da ya sa jika yake girma bai san ƙamshin kakarsa ba. Matasa ba su da lokaci, tsofaffin da suka yi ritaya su ne masu shi. In dai zumunci a ƙafa yake, to ƙafar da ta rage a gidan ita ce tasu.

Ba zan ɓoye ba, da farko abin bai kwanta mini ba. Na ce wa maiɗakina, yaya za a yi surukinka ya zo garinku ya kwana a waje, kai kana cikin ɗaki a kan katifa? A inda na tashi, maigida ne zai bar wa baƙo ɗakinsa ya koma zaure. Da na faɗa wa tsohuwar haka, sai ta yi murmushi ta ce: "Ɗana, mun gwada. In muka sauka a cikin gidansu, kwana uku sun takura, mu ma mun takura. Mijina yana tashi da asuba, su kuma suna dare. Amma da ɗakinmu a ƙofa, wata guda muke yi babu wanda ya gaji da wani. Da safe ni nake kai yara wurin jiran bas, da yamma su tarar da ni na dafa musu abinci." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Gidajen nan ba su da zaure, ba su da sashen baƙi, kuma mutanen ba su tashi cikin cunkoso ba. Sun nemo hanyar da ziyara za ta yi tsawo ba tare da an ɓata ba. Ziyarar kwana uku ta biki ce, kowa da kwalliyarsa. A wata guda ne kaka take gane cewa jikanta yana tsoron duhu, ko 'yarta tana fama da wani abu da ba ta faɗa a waya.

To wannan ne takarda guda ta katse.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa babbar mota tana tare wa direba gani a kwana, yaro zai iya faɗowa titi ba a hango shi ba. Suna cewa akwai mai zubar da tankin masai a lambatun ruwan sama, akwai mai kunna janareta da tsakar dare, akwai wanda zai zo da sunan ziyara ya shekara. Duk waɗannan suna faruwa. Amma kowanne da maganinsa. A hana ajiyewa a bakin kwana. A ci tarar wanda ya zubar da ƙazanta, tara mai zafi. A sa lokacin kashe janareta. A ba da takardar izini ta kwanaki ƙididdigaggu, kamar yadda wasu garuruwan Amurka suke yi tun tuni. Idan aka cire waɗannan, hujjar da ta rage ita ce wadda ba a cika furtawa a fili ba: motar tana ɓata kyan layi, kuma ana tsoron darajar gidaje ta faɗi. Ni ma da gida a layin, ni ma ina biyan bashinsa duk wata. Amma ban yarda cewa ganin motar kakanni na wata guda a shekara zai rage wa gidana ko sisi ba, kuma ko da zai rage, na yafe.

Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne gwamnatin ƙasar da kanta ta yarda kaɗaici cuta ne. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane yana iya gajarta rai kamar shan taba sigari har kara 15 a rana. A sama ana kukan tsofaffi suna rayuwa su kaɗai, a ƙasa kuma kwamitin unguwa yana korar tsohon da ya tuƙo kilomita dubu don ya ga jininsa.

Su waɗannan tsofaffi dai suna da fansho, sun koma sansani sun biya. Wanda ba shi da shi fa?

A nan ne batun ya wuce layinmu. Kasuwar motocin nan babba ce. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, inda manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgi, masana'antu sun fitar da guda 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo ƙasa da 320,000. A tallace-tallace za ka ga mata da miji suna shan shayi a bakin tafki, ana kiran abin 'yanci. Amma a kan hanyoyin akwai wani rukuni da ba shi a hoton: mutanen da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, ko rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba su da muhalli, ko kuɗin asibiti ya cinye abin da suka tara. Da yawansu sun haura sittin. Suna bin aikin wucin gadi daga jiha zuwa jiha. A watan Oktoba suna kwarin Red River, tsakanin Dakota ta Arewa da Minnesota, suna aikin awa 12 a rana wajen kakar gwozar da ake yin sukari da ita. Daga 2008 kamfanin Amazon ya yi shekaru yana da wani shiri mai suna CamperForce, yana ɗaukar irinsu aikin rumbunan kaya gabanin Kirsimeti, ya biya musu wurin ajiye mota. In hunturu ya kama sai su gangara Quartzsite a hamadar Arizona, garin da mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba a ƙidayar 2020, amma dubban motoci suke cika dajinsa a watan Janairu. Filin na gwamnatin tarayya ne. Ana iya zama kwana 14 kyauta, kuma an yi shekaru da dama ana biyan dala 180 kuɗin zaman wata bakwai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, a wuraren da aka keɓe.

Dubi yadda ake tarbar waɗannan rukuni biyu. Mai sabuwar mota yawon buɗe ido yake yi, kowa na yi masa barka da zuwa. Mai tsohuwa kuwa, sansanonin haya da yawa suna da ƙa'idar ƙin karɓar motar da ta haura shekara goma. In ya tsaya a bakin titi a cikin gari, doka na jiransa. A Mountain View ta Kalifoniya, garin da hedikwatar Google take, inda kuɗin haya ya kori masu shara da masu dafa abinci daga gidaje, mazauna sun jefa ƙuri'a a 2020 suka amince da hana manyan motoci tsayawa a ƙananan tituna, waɗanda su ne mafi yawan titunan garin. A ranar 28 ga Yunin 2024 kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na Oregon, ta yanke da rinjayen alƙalai shida a kan uku cewa gari zai iya hukunta mai kwana a fili ko da babu gadon da za a ba shi. Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta ƙi amincewa, ta kafa hujja da cewa barci larura ce ta ɗan'adam, ba laifi ba. A watan Janairun shekarar, ƙidayar gwamnati ta dare guda ta samu mutum 771,480 da ba su da muhalli, kuma masu kwana a mota suna cikin lissafin.

Idan aka ja motar irin wannan mutum saboda tarar da ya kasa biya, gidansa aka ɗauke, da maganinsa da takardunsa a ciki. Gobe a kan kwali zai kwana. Ban ga wanda ya amfana da wannan ba, har da garin da zai biya kuɗin asibitinsa daga baya. Kuma ba wai babu wata hanya ba ce. Tun 2004 ake gudanar da wani shiri a Santa Barbara, inda coci-coci da ofisoshi suke buɗe filayen ajiye motocinsu da dare ga masu kwana a mota, da ma'aikatan da ke taimaka musu neman gida. Filin da ma yana nan fayau daga magariba zuwa safiya. Garuruwa da dama sun kwaikwayi shirin, amma wuraren ba su kai yawan masu bukata ba.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya sayar da gidansa ya hau hanya ba. Na gaya wa dattijon ra'ayina a gabansa: da ni ne, haya zan ba da gidan in yi shekarar tawa in dawo. Gida yana ƙara daraja, mota kuwa daga ranar da ta bar wurin dillali take raguwa. Matsakaicin farashin gida a Amurka ya taɓa dala 400,000 tun 2022, kuma wanda ya fita daga kasuwar da wuya ya sake shiga. Su kansu motocin, a idon hukumar gidaje ta tarayya na shaƙatawa ne, ba a gina su don zaman dindindin ba. Rufi yana yoyo, bututu yana daskarewa, in ta shiga gareji kuma gidanka ne ya shiga gareji.

Sai batun adireshi. Ƙasar nan ba ta san mutum ba sai da adireshi: lasin tuƙi, inshora, banki, rajistar zaɓe. Shi ya sa masu wannan rayuwa suke tururuwa zuwa Texas da Florida da Dakota ta Kudu, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, su yi hayar akwatin wasiƙa su zama 'yan jiha a takarda. A Dakota ta Kudu rasit ɗin kwana ɗaya a otal ko sansani yana cikin abin da ake nema don samun lasin. Likita kuma fa? Mai ciwon suga ko hawan jini yana bukatar wanda ya san tarihinsa, ba sabon likita duk wata ba. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta gane inda hanyar take ƙarewa, shi ya sa ta buɗe wata cibiya a Livingston ta Texas inda 'ya'yanta da tsufa ko ciwo ya hana tuƙi suke zama a cikin motocinsu ana kula da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba kuɗi ba ne. Mai yawo yana da dangi a ko'ina amma ba shi da maƙwabci. Babu wanda zai lura cewa yau labulensa bai buɗe ba. Ni Musulmi ne, sai na tuna sahun asuba da mutanen da za su yi cigiyata in sun kwana biyu ba su gan ni ba, da waɗanda za su tsaya a kaina ranar da ta Allah ta kasance. Tsohuwar ma ta faɗa mini cewa abin da ta fi kewa shi ne matan cocinsu da suka yi shekara talatin suna zama a benci ɗaya. Sun ba da wannan don su samu jikoki. Ciniki ne mai tsada, sun kuma yi shi da idonsu biyu. Wanda ya biya irin wannan farashi don ya sada zumunci ya cancanci a buɗe masa hanya, ko ba a taimaka masa da komai ba.

A taron ƙungiyar unguwa da ya biyo baya na miƙe na yi magana, karo na farko tun da na tare a layin. Na kawo shawarar a yarda kowane gida ya sauki baƙo mai irin wannan mota har kwana talatin a shekara, a kan filin gidan ba a kan titi ba, da sharaɗin ba janareta bayan ƙarfe tara na dare kuma ba zubar da komai. Wata mata ta ce in aka buɗe wannan ƙofa ba a san wa zai shigo ba. Wani dattijo da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen layi, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce ɗansa yana da irin motar kuma shekara uku ke nan bai kawo ta ba saboda wannan doka. Aka ce sauya dokar sai kashi biyu cikin uku na masu gidaje sun sa hannu.

Tsofaffin sun gama zagayensu sun sake biyowa ta Ohio, amma a sansani suka sauka kai tsaye. Ranar Asabar kawai ake kai musu yaran. Jaririyar nan yanzu tana tafiya. Takardar sa hannun tana wurina, in na taso daga aiki ina bin gida-gida da ita, ni da maƙwabcina, kuma saura gida goma sha ɗaya.